Suna a Agege ranar Asabar, mutum 60: me zan dafa, me zan bayar a yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙanwar maigidana ta sauka lafiya ranar Asabar, an samu 'ya mace, kuma a gidanmu da ke Agege za a yi taron suna Asabar mai zuwa. Muna sa ran mutum 60, kusan 20 daga ciki maƙwabtanmu ne Yarabawa. Dangi takwas za su taso daga Kano su yi kwana uku. Kicin ɗina ƙarami ne, gas mai kai biyu, wuta kuwa sai ta ga dama. Ban san kan kasuwannin Legas ba tukuna. Don Allah me ya kamata in dafa a gida, nawa zan auna, ina zan yi cefane? Sannan maigida yana so ya fita da baƙi cin abinci ko sau ɗaya ne, ina ya dace?

Mai girkin biki, Agege:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Ƙanwata, fara ajiye lissafin mudu da kwano a Kano. A nan da derika, wato gwangwanin awo, ake awo, da robar fenti. Derika ɗaya ta shinkafa ta ɗan gaza kilo ɗaya, robar fenti kuma tana cin derika 5 ko kusa da haka. Derika ɗaya ta jalof tana ƙosar da mutum 5 zuwa 6. Idan jalof kaɗai za a ci, derika 12 ke nan. Idan akwai masa a gefe, derika 8 ta isa har a ɗiba wa masu gadi.

Kada ki ɗora wannan a gas mai kai biyu. Ƙasan zai ƙone, sama tana tsatstsaura. Ki yi hayar babban murhun gas da tukunyar biki wurin masu ba da hayar kujeru da rumfa, kusan kowane layi akwai su.

Na derika 8: tattasai manya 25, attaruhu 15, ɗanyen tumatir rabin robar fenti, albasa 10, tumatirin gwangwani mai giram 400 guda biyu, man gyaɗa lita ɗaya da rabi. Ki markaɗa kayan miyan ranar Juma'a da yamma, ki tafasa har ruwan ya ƙone ya koma kauri. Ranar suna ki soya albasa, ki zuba na gwangwanin shi kaɗai ya yi minti 10 kina juyawa har ya yi duhu, sannan markaɗen ya biyo baya da citta, tafarnuwa, kori da tayim. Sai mai ya taso sama za ki zuba romon nama. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ke samun jalof mai tsami.

Shinkafar ta zama doguwa mai turara, a wanke ta da ruwan ɗumi har ruwan ya fita fari tas. Ba sai an yi mata tafasa ɗaya ba. Ruwa ya tsaya daidai kanta, kada ya haura. A rufe da takardar foyil kafin murfi, a rage wuta, a juya sau biyu kacal da muciya. Tururi ke dafa jalof. Yawan ruwa da yawan juyi su ke caɓa ta. Ki bari ƙasan ya ɗan kama, maƙwabtanki wannan ƙamshin ƙaurin suke nema, in babu shi cewa za su yi dafa-duka ce kawai.

In an sauke, a buɗe ta minti 10 ta huce kafin a zuba a kula. Idan aka rufe ta da tururinta, za ta yi gumi, kafin la'asar ta fara yami.

Wata Hajiya, Idi-Araba:
Masha Allah, Allah ya raya mana. 'Yar nan, jalof ko'ina a Ikko za a yi miki mai kyau. Abin da zai fitar da ke kunya a gaban dangin miji shi ne masa da miyar taushe, to nan za ki sa ƙarfinki.

Ki ce a ba ki shinkafar tuwo, fara ɗanya. Mai turara ba ta yin masa, ko kin kwana kina bugu. Derika 6 za ta ba ki masa wajen 200 matsakaita. Ki cire derika ɗaya ki dafa ta luguf ta huce, sauran biyar ki jiƙa awa 6, ki haɗa su da albasa uku a kai inji. Ki tsaya a kan mai injin ya wanke shi a gabanki, don yawancinsu attaruhu da wake suke wuni suna markaɗawa. Yis cokali 3 na cin abinci, sukari kaɗan, gishirin sai za a soya.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne lokaci. A gida a kan kwaɓa da magariba a soya da safe. A nan zafi da laima ba sa barin haka: awa 3 zuwa 4 ƙullu ya tashi, ya kwana kuwa ya zama tsami zalla, masar ta yi ta shan mai tana kama tanda. Ki jiƙa da yamma, a markaɗa da daddare, ki sa ƙullun a firji ko ki dasa bokitin cikin baho mai ƙanƙara ba tare da yis ba. Da asuba ki fito da shi ki sa yis. In duk da haka ya yi tsami, ruwan kanwa cokali biyu ko uku yana kashe shi, amma kaɗan-kaɗan, in ta yi yawa masar ta yi rawaya da warin kanwa.

Taushe kuma: kabewa rabin babba, ƙashi da tantaƙwashi kilo 3, niƙaƙƙiyar gyaɗa derika ɗaya, alayyahu, yakuwa, daddawa, albasa mai lawashi. Alayyahu a kasuwa ki ce tete. Yakuwa da kabewa sai wurin mutanenmu a Agege ko Mile 12. Gyaɗar a dama ta da ruwan ɗumi kafin a zuba, kuma daga nan wuta ƙasa-ƙasa, don tana kamu da wuri. Ganye shi ne ƙarshe, minti 5 a sauke.

Mai girkin biki, Agege:
Hajiya, a gafarce ni, amma a yi mata lissafin suyar. Tanda mai gida 9, kowane zubi minti 5 zuwa 6, masa 200 ta haura zubi 22. Awa biyu ke nan da ɗoriya mutum yana zaune gaban wuta, ga baƙi na shigowa. Ni shawarata ta yi miyar da hannunta, masar ta bayar. A cikin Agege akwai mata masu masar sayarwa da ke karɓar aikin biki. A kai musu shinkafa da mai tun Alhamis, a faɗi adadi da ƙarfe nawa za a karɓa.

Wata Hajiya, Idi-Araba:
Haka ne, in ba ta da mataimaka. In cikin masu zuwa daga Kano akwai mace biyu masu hannu, tanda biyu a kan kurfoti sun gama kafin ƙarfe 10. Masar gawayi daban take.

Mahauci, Oko-Oba:
Hajiya, kada a sa ragon suna cikin lissafin abincin taro. Sai an raɗa suna da safe za a yanka, kafin a feɗe a gyara rana ta yi, kuma naman na rabo ne da na mai jego. Naman taro daban: kilo ɗaya na sa yana ba da yanka 20 matsakaita, mutum 60 a yanka bibbiyu kilo 6 ke nan, a ƙara ɗaya don masu ɗanɗano. A ce a ba da cinya ko kafaɗa. Mayankar Oko-Oba tana nan cikin Agege, a zo da safe kafin ƙarfe 9. A dafa ranar Juma'a, a soya, romon a sa a firji ko a sake tafasa shi da dare da kuma asuba.

Rago akwai a nan Oko-Oba, akwai kuma kasuwar Kara ta wajen Berger a hanyar Ibadan. Maigida ya buɗa bakin ragon: in manyan haƙora biyu sun fito a gaba, ya cika shekara. Ya duba hanci ba majina, gindi ba zawo. Dabbar da ta sauka daga tirela a gajiye take, a saya tun Laraba ko Alhamis ta sha ruwa ta huta.

Sai babbar magana. Al'adar a rataye rago ko a banƙare shi ya kwana sai gobe a soya, ta busasshiyar iskar Arewa ce. A Legas nama ya kwana a rataye, da safe ya yi yauƙi ya canza wari. A yanyanka a ranar, a sulala da gishiri, albasa da citta, a soya da daddare har ruwan jikinsa ya ƙare. Kayan ciki su ake fara wankewa, a yi wa mai jego farfesu da masoro da kimba.

Ɗan gwari, Mile 12:
Cefanen kayan miya a zo Mile 12, nan motocin Arewa ke sauke tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. Hausa kawai za ki yi a sallame ki. Amma kada a zo Alhamis da sassafe, ranar shara ce a kasuwannin Legas, ba a buɗewa sai ƙarfe 10. Juma'a bayan asuba ta fi. Kada a sayi kwando sai an sa an juye shi, sama kan yi kyau ƙasa ya ruɓe. Wanda ya fashe, da Yarabawa ke ce wa esha, yana da araha amma ba na taro ba ne. In da damina ne tumatir ya yi tsada ya yi ruwa, a rage shi a ƙara tattasai da shambo, launin ma ya fi fita. Shinkafa in buhu za a saya, Daleko ta wajen Mushin. Na derika 14 dai kasuwar Agege ta wadatar, kuɗin mota zai cinye ribar.

Kuma gwamnatin Legas ta hana farar robar soso ta zuba abinci tun Janairun 2024. A nemi roba mai murfi ko ta foyil.

Wata malamar makaranta, Ketu:
Anti, abin sha: ki manta da kunun aya. Awa kaɗan ba sanyi ya lalace, ga shi kin ce wuta ba tabbas. Zoɓo derika 4 zai ba ki lita 30 zuwa 35. A dafa da citta, kanumfari da ɓawon abarba ranar Juma'a, a tace, kada a sa sukari sai safiyar suna, sukari ke sa shi saurin tashi. A ɗura a gorori, a sayo ƙanƙarar bulo a jera a babbar kula da ƙarfe 8.

Na kwana ukun baƙi kuwa kada ki wahalar da kanki. Cikin markaɗen nan ki ware roba biyu, shi zai zame miki miyar shinkafa da ta taliya. Safe: burodin Agege da shayi, ko ki sayo musu ewa agoyin su ɗanɗana, wake ne da aka dafa ya narke, da baƙar miyar manja da busasshen barkono. Kamu kuma ogi sunansa a nan, na masara ne ba kayan ƙamshi, ki ƙara citta da kanumfari da kanki kafin ki dama. Rana: garau-garau da soyayyen kifi titus ko kote. Dare: tuwo, don tsofaffi ba sa ƙirga shinkafa a abincin dare. Tunda daga Kano za su taso, ki roƙa su riƙo kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego da garin kunun kanwa. Suna isowa ki juye a kwalabe masu murfi, laimar garin nan tana sa kuka ta dunƙule, daddawa ta yi fumfuna. Kilishi ma a cinye shi cikin kwanakin, ba ya ajiyuwa a leda. Iru da za ki gani a kasuwa kalwa ce ita ma, sai dai ɗanya ce mai laima, a miyar kuka sai kin ninka.

Wani ma'aikaci, Ikeja:
Ranka ya daɗe maigida, a zaɓi wuri da la'akari da hanya kafin a yi maganar daɗi. Daga Agege zuwa tsibirin Legas ranar aiki, gosulo zai iya cinye awa biyu. Lahadi ce ranar fita.

In kusa ake so, Ikeja. University of Suya a Allen Avenue, da yamma, tsire da gasasshiyar kaza. In zama ake so a natse da iyali, Yellow Chilli a GRA Ikeja, an san su da miyar kuɓewa mai kayan teku. A tambayi baƙin tukuna, ba kowane Bakano ke iya kallon ƙaguwa da jatan lande a kwano ba.

In ana so su ci abincin masu gari, amala ce: Amala Shitta a Surulere ko White House a Sabo, Yaba. A ce abula, wato amala da ewedu da gbegiri da jar miya a kwano ɗaya. Kada sunayen su tsorata kowa, ewedu lalo ne, gbegiri miyar wake, shaki tumbi, ponmo ganda. A je tsakanin ƙarfe 12 da 2, lokacin komai na kan wuta. Yajin miyarsu ya fi namu, a gargaɗi masu gyambon ciki.

In an haye tsibiri ranar Lahadi, Terra Kulture a Victoria Island akwai abinci akwai zane-zanen kallo, a dawo ta Glover Court a Ikoyi a yi guzurin tsire. Manyan gidajen abinci na GRA da tsibiri galibi suna da sashen giya, in da dattijo a tafiyar a nemi teburi nesa da wurin, ko a sa a ƙunshe a dawo gida. A gidajen 'yan Sin kuma a tambaya ƙarara ko akwai naman alade ko giyar girki a abin da aka zaɓa. Wanda ya ce shi sai tuwo, ba sai an tada mota ba, Agege cike take da masu tuwo da masa, haka Idi-Araba da Obalende da dare.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na tsayar: jalof derika 8 da taushe a gida, masa zan bayar. Tambaya ɗaya Anti mai girki, maƙwabtan nan za su ci masa kuwa, ko in ƙara musu wani abu?

Mai girkin biki, Agege:
Za su ci, Yarabawan Agege sun san masa tun ba yau ba, wasu ma da sukari ko yajin ƙuli za su nema, ki ajiye a gefe. In kina so ki ƙara, alale: wake derika 2 yana ba da ƙulli 35 zuwa 40, kuma masu moin-moin na unguwa za su yi miki a ganye in kin faɗa musu tun Alhamis. Nasu kason ki zuba a roba ki aika gida-gida kafin azahar, har da waɗanda ba su samu shigowa ba. Nama biyu a kowace roba, suna lura da wannan.