Wa ya taɓa barin rubuta furogiram ya koyar da yara da manhajar kwaikwayo?

Malamin fizis, Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Zangon da ya wuce na so 'yan SS2 su fahimci yadda lilo ke kai da komowa, sai na ce su rubuta ɗan furogiram da yaren kwamfuta na Python. Wallahi sati uku muka kwashe muna neman inda aka manta waƙafi ko baka, maganar lilon kuwa ko taɓa ta ba mu yi ba. Da na gaji sai na sauke PhET, manhajar kyauta ta Jami'ar Kolorado a Amurka, wadda Carl Wieman, mai kyautar Nobel ta 2001, ya kafa a 2002. Igiya ce da ɗan nauyi a allo, kana ja da yatsa. Wani yaro ya yi ta ƙara nauyi yana jiran lilon ya yi sauri, agogo bai canza ba. Da ya mayar da igiyar daga kwatan mita zuwa mita 1, zuwa da dawowa ya tashi daga daƙiƙa 1 zuwa 2. Da kansa ya ce, "Malam, ashe tsawo ne, ba nauyi ba!" Akwai wanda ya gwada irin wannan?

Malamar lissafi, Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ni GeoGebra, manhajar zane-zanen lissafi, nake amfani da ita, a waya ɗaya 'yan mata biyar. Shekara nawa ina zana y = ax² + bx + c a allo suna kwafa kawai. Ranar da suka ja darajar "a" ta koma ƙasa da sifili, wata ta ce, "Malama, ƙwaryar ta kife!" Har yau da sunan suke tunawa. In ka sauke ta sau ɗaya, ba ta buƙatar data.

Malamin kwamfuta, Hotoro:
Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Gani ya kori ji, na yarda. Amma yaron da ke jan maɓalli dokar wani yake kallo, bai san abin da ke ƙarƙashi ba. Na ga ɗalibi ya yi rabin awa yana kai lilo duniyar wata yana dawo da shi, na tambaye shi me ya koya, ya yi shiru. Kuma yaren furogiram na BASIC na nan a manhajar karatu, za a tambaye su a jarrabawa. Kada mu raba yaran Kano da sana'ar da ake ci da ita saboda sauƙi.

Ɗalibar koyon malanta, Kurna:
Malam na Hotoro, maganarka ta taɓa ni, domin na ga hakan. Shi ya sa lokacin da nake aikin gwajin koyarwa ban ba su abin da aka riga aka gina ba. Excel muka buɗe a kwamfuta ɗaya tilo da ke ofishin shugabar makaranta. Na ce mu ɗauki tankin gida mai lita 1,000, ana shan lita 150 kullum. Su suka faɗi dokar da bakinsu: ruwan gobe shi ne ruwan yau, a haɗa da wanda ya shigo, a cire wanda ya fita. Muka rubuta a layi ɗaya, muka ja ƙasa, tanki ya ƙafe a rana ta bakwai.

Sai wani yaro daga can baya, wanda ko magana ba ya yi a aji, ya ɗaga hannu. Ya ce ƙarya ne, a gidansu in ruwa ya yi ƙasa Umma hana wanki take yi, kuma ana kiran mai garuwa. Aji ya ɗauki surutu, kowa na faɗin yadda ake yi a gidansu. Muka ƙara doka: in tanki ya gaza lita 300, a rage sha zuwa 80. Muka ƙara jarka huɗu masu lita 25 duk bayan kwana biyu. Layin zanen da ke nuna yawan ruwa, wanda a da yake gangarowa tsaye, sai ya kwanta. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba. Babu wanda ya rubuta furogiram, amma "in kaza ya faru, a yi kaza" ai tunanin furogiram ne, ko ba haka ba Malam?

Malamin kwamfuta, Hotoro:
Haka ne 'yata, Allah ya yi miki albarka. In su suka gina, ba ni da ta cewa. Wanda ya yi wannan, gobe in na nuna masa IF a BASIC ba zai ji baƙo ba.

Malamin bayoloji, Tarauni:
Mu NetLogo muka gwada, kwaikwayon kyarkeci da tumaki da ciyawa. Yara suka ce a kira su kura da awaki. Suka cire kuraye gaba ɗaya suna murna, awaki suka yi yawa, suka cinye ciyawa, yunwa ta fara kashe su. Muna tsaka da gardamar dalili aka ɗauke wuta, batirin ya mutu, muka ƙarasa da alli. Ku riƙa yin caji tun dare.

Malamin fizis, Gwale:
Na gode ƙwarai. Malama ta Kurna, don Allah ki turo mana fayil ɗin tankin. Ina so ranar Litinin in sa 'yan ajina su yi na kofin shayi mai hucewa, su auna zafinsa da kansu duk bayan minti biyu kafin mu taɓa kwamfuta.