Uwar mijin da ke littafina ta koma masifa zalla, ya zan dawo da ita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, don Allah shawara nake nema. Ina da littafi da nake saki kullum da daddare a WhatsApp, ya yi nisa sosai. A ciki akwai Inna, uwar miji. Farkon labarin mace ce mai tsare gida, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ɗauki nauyin karatun ɗanta har ya zama ma'aikacin banki. Tana da faɗa amma da dalili, kuma ita ta kwana a asibiti ranar da surukarta ta haihu. Yanzu ko gaishe ta aka yi sai ta ce "da ban kwana ba za ki gan ni?" Wata mai karatu ta turo mini saƙo wai an musanya mata Innarta. Matsalar kuma, duk ranar da Inna ta yi tijara sharhi ya fi yawa. Ya zan yi?

Wata da ta daɗe a rubutu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Masu karatu ne suka ɗora ki a kan wannan hanya ba ki ankara ba. Dare ya yi, ana jiran shafi, kin gaji, abin da ya fi sauƙi shi ne ki maimaita abin da aka yi wa shewa jiya. To shi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai na yau ya fi na jiya zafi kafin ya yi armashi. Da farko ta yi mitar gishiri ya yi yawa, gaba ta ture kwanon, gaba ta watsa miyar, saura kaɗan ki kai ta wurin boka. Ki koma shafukan farko ki karanta da biro a hannu, ki rubuta abin da Inna take tsoro. Ni a yadda kika ba da labarin, talauci take tsoro, da kuma a raba ta da ɗan da ta sha hayaƙi a kansa. Yaushe rabon da mu gan ta gaban kaskon suya?

Wani mai bin finafinan waje:
Ba ke kaɗai ba ce malama. A Amurka akwai zanen barkwanci mai suna The Simpsons, tun 1989 ake yinsa, ya haura kashi 700. Maƙwabcin gidan, Ned Flanders, da farko mutumin kirki ne mai rufin asiri da iyali tsaf, wanda Homer, mai gidan Simpsons ɗin, ke jin haushinsa don komai nasa ya fi kyau. Zuwa coci ɗaya ne kawai daga cikin halayensa. Da shekaru suka ja, sai addinin ya cinye sauran, ya zama ba a fito da shi sai don tsananin riƙonsa. Haka Joey na wasan barkwancin talabijin Friends, wanda aka yi daga 1994 zuwa 2004, ya fara da ɗan rashin wayo ya ƙare a dolo sosai. Su fa tawagar marubuta ce guda da albashinsu, abin bai bar su ba.

Wani mamba:
Ni ban ga abin damuwa ba. Gizo kullum mai wayo ne, kura kullum kwaɗayi da wauta, wa ya taɓa cewa a gyara su? Mutane sun biya kuɗin karatu don su sha dariyar Inna, ki ba su abinsu.

Wadda ta daɗe a rubutu:
Malam, tatsuniya kafin yara su yi barci an ce ƙurunƙus. Kuma ba wanda ya taɓa nuna mana kura tana jinyar suruka a asibiti. Ita ta riga ta nuna mana Inna mai zuciya, shi ya sa waccan mai karatun ta ji zafi.

Wata malamar makaranta:
Abu ɗaya zan roƙe ki, kar ki gyara ta da shanyewar ɓarin jiki ko mummunan mafarki, ta tashi tana kuka tana "ku yafe mini". Mun gaji da wannan wallahi, kuma tsalle ne daga Inna mai fuska ɗaya zuwa wata mai fuska ɗaya. Ki bar mata bakinta. Ki dai kawo wata rigima inda ita ce mai gaskiya, misali ɗan ya ci bashi don ya sauya wa matarsa kujeru, Inna ta gano, ta yi faɗan, daga baya ta kwance bakin zaninta ta biya wani abu ba tare da ta gaya wa kowa ba. Waccan kalma tata ta gaisuwa kuma ki ɓoye ta, sai an manta ki fito da ita. Sannan ki duba surukar. Galibi idan uwar miji ta koma wuta zalla, za ki tarar surukar ta koma hawaye zalla.

Mai tambaya:
Anti kamar kina karanta littafin, tun bayan suna yarinyar ba ta da aiki sai share hawaye da gefen hijabi, alhali mai shagon ɗinki ce. Amma ina tsoron 'yan rukunin biya su ce labarin ya lafa.

Malamar makaranta:
Za su faɗa, na ɗan lokaci. Ki mayar da yarinyar kan kekenta, ki sa Inna ta kawo mata atamfa ɗinki ana gobe biki, ta zauna a shagon tana jira tana kushe kowane kabu. Ga dariyar da suke so sun samu. Idan kin rubuta shafin ki turo mini ta akwati in duba kafin ki saki.