Teku ce ta janye daga Gombe, ko ƙasa ce ta ɗago?

Ɗan Bajoga: Salamu alaikum 'yan gida. Ku dubi hoton nan. Wani abokina mai aikin fasa dutse a wajen Ashaka ne ya kawo mini jiya. Ya cika tafin hannuna, a naɗe yake kamar ƙahon rago, da zane-zane a jiki, amma nauyinsa na dutse ne sak. Wai dabbar teku ce. Teku a Funakaye?

Kawu: Wa alaikumus salam. Ni da na tsufa a kan sitiyarin tirela, kwana biyu nake yi a hanya kafin in shaƙi iskar Apapa. Dodon koɗin Gongola ne ya bushe, ka ba yara su yi wasa.

Anti Malama: Yaya, yau kam yaron ya fi ka gaskiya. Amonait ake ce mata, a ruwan gishiri kaɗai ta rayu, kuma ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka ya haura shekara miliyan 90. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka ƙasa ta tsage ta lotsa, shi ne kwarin Binuwai, teku ta shigo ta nan. A yankin Pindiga ma ana samun irinta.

Kawu: To na ji. Ruwa ya zo, ruwa ya koma. Ku je Dadin Kowa da bazara ku ga shatin ruwa a jikin gaɓa, layi bisa layi. Wa ya ce tudun ne ya tashi? Ruwan ne ya ja baya.

Auta: Kawu, ba kullum ba. Wani lokacin ƙasar ce ke ɗagowa.

Kawu: An fara. Shekara uku a jami'a a Bauchi, har ƙasa ta soma tashi sama.

Auta: Allah ya huci zuciyarka, bari in yi bayani. Igiyar ruwa tana cin gindin dutse a bakin teku har ta share fili sumul, kamar dakalin ƙofar gida. Idan ƙasar ta ɗago, dakalin nan sai ya koma sama a bushe, da tsakuwarsa da kwansonsa, ruwa ya fara sassaƙa sabo a ƙasa da shi. A yankin Huwon na ƙasar Papuwa Niyu Gini haka suke jere kamar matakala, duk na murjani, wato dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa a ruwa mara zurfi, tun daga bakin ruwa har ɗaruruwan mitoci.

Ɗan Bajoga: Auta, ai ba ka rushe maganar Kawu ba. Ko ruwa ne ya sauka, matakalar nan za ta fito.

Anti Malama: Kuma tekun tana hawa da sauka da gaske. Shekara 20,000 baya, da ƙanƙara ta daskarar da ruwa mai yawa, ta yi ƙasa da inda take yau da kusan mita 120.

Auta: Nan ne daɗin abin, Anti. Tekun duniya a haɗe take, kamar ruwa a baho guda. Kimanin shekara 125,000 da suka wuce ta fi ta yau tsayi da mita 6 zuwa 9 kawai. Murjani kuma ana auna shekarunsa da sinadarin yuraniyom da ke cikinsa. To a gaɓar da ba ta motsi, dakalin wancan zamani yana nan 'yan mitoci sama da ruwa. A tsibirin Babedos da ke yankin Karibiyan akwai inda ya kai wajen mita 60. A Huwon ya wuce 300. Zamani ɗaya, teku ɗaya. Yaya ruwa zai sauka mita 6 a nan, 60 a can, 300 a gaba? A baho guda?

Ɗan Bajoga: Kai. Wannan ta shige ni.

Auta: Har saurin ɗagowar ƙasar ake lissafawa. Ka cire mita 7 na hawan teku daga 60 ɗin Babedos, ka raba 53 ɗin da shekara 125,000. Bai kai rabin milimita a shekara ba. Farcenka ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Kawu: Abin da ba wanda ya gani da ido. Lissafin takarda ne.

Anti Malama: An gani, Yaya. A 2016 girgizar ƙasa ta afka wa Kaikora a Niyu Zilan cikin dare, gari na wayewa mutane suka tarar da ƙasan teku a waje, da ciyawar ruwa manne a duwatsu tana bushewa. A ƙasar dai, girgizar 1855 ta ɗaga gaɓa kusa da Welintin da wajen mita 6, kuma tsohon bakin ruwan yana nan har yau.

Kawu: Can ƙasar girgiza ce. Ni Gombe na tambaya. Ina dakalinmu?

Auta: Babu, Kawu. Shekara miliyan 90 ba ta barin dakali, ruwan sama da iska sun cinye. Shimfiɗun dutse muke karantawa.

Kawu: Ashe!

Anti Malama: Kada ka yi saurin murna. A wancan zamanin teku ta fi ta yanzu tsayi sosai, ta mamaye tsakiyar nahiyoyi, wannan naka ne. Amma laka a kwance take zama a ƙasan ruwa, kuma a kwarin Binuwai akwai shimfiɗun da suka karkace, wasu sun lanƙwashe kamar tabarmar da aka turo daga gefe. Janyewar ruwa ba ta lanƙwasa dutse.

Kawu: Wato an raba mana gardamar biyu kenan, ni da Auta.

Auta: Kaso na ya ɗan fi yawa dai.

Kawu: Za ka zo hutu ka same ni. Kai kuma na Bajoga, kada ka ba yaran dutsen nan. Ka taho da shi ranar Juma'a in riƙa da hannuna.