Wai ɓera ma yana sikila ne, har ake gwada masa magani?

Maman Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara tara mai sikila, SS. Muna zuwa asibiti a kan lokaci, yana shan folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, amma da sanyin hunturu ya kama sai ciwon ƙafa da na baya su tayar masa. Shekaranjiya surukata ta turo min saƙon murya a WhatsApp, mai maganar yana rantsuwa wai masana sun ba ɓeraye masu sikila haɗin kanumfari da masoro da ganyen dawa, sun warke sarai, don haka a daka a riƙa zuba wa yaro a kunu safe da yamma.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ni sanina sikila gado ce. Ni AS, babansa AS, shi ya sa. To shi ɓera a wurin wa ya gada? Ko allurar jinin mai ciwon ake yi masa? Kuma idan maganar gaskiya ce, me zai hana in haɗa, tunda duk ina da su a kicin? Hajiya har ta sayo kanumfarin, ni kuma ba na son in ƙi maganarta ba tare da hujja ba. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Abu Hanif, Zariya:

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah Ya ba yaro lafiya. Aikina ke nan a ɗakin gwaji, gwada tsirrai a jikin ɓeraye, don haka bari in ɗan tsawaita.

Ɓera ba ya sikila da kansa, kuma allura ba ta sa masa ita. Ƙirƙirarsa aka yi. Ciwon yana cikin ƙwayar gadon da ke ƙera himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wuri ɗaya tak ya sauya, gurbi na shida a jerin sinadaran da suka haɗu suka yi himogulobin, kuma Vernon Ingram ne ya gano hakan a Kambirij cikin shekarun 1950. Saboda wannan sauyin, idan oksijin ya yi ƙasa sai himogulobin ɗin ya sandare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. A 1997 wasu rukunin masana biyu a Amurka, ɗaya a Bakili ta Kalifoniya, ɗayan a Alabama ƙarƙashin Tim Townes, suka cire wa ɓera nasa ƙwayoyin gadon himogulobin tun yana matakin halitta na farko, suka dasa na mutum mai sikila. Ɓerayen suka girma suka haihu, 'ya'yansu suka gada, kamar dai yadda kika faɗa. Suna fama da ƙarancin jini, ƙodarsu da hantarsu suna lalacewa. Dabarar cire ƙwayar gado a ɓera ita ta ba Capecchi da Evans da Smithies kyautar Nobel a 2007.

Irin waɗannan ɓerayen suna da tsada da wuyar riƙo. Mu abin da muka fi samu farin ɓera ne lafiyayye, shi ya sa yawancin binciken sikila da ake yi a nan a kan ɗigon jini ne. Za ka ɗiga jinin mai SS a gilashi, ka haɗa da wani sinadari mai zuƙe oksijin, ka rufe, ka toshe gefen da basilin don kada iska ta shiga. Bayan ɗan lokaci ka leƙa ta madubin awo, za ka ga ƙwayoyin da dā suke zagaye sun miƙe sun yi tsini. Sai ka maimaita da ruwan tsiron, ka ƙirga nawa suka lanƙwashe. Tsirrai da yawa suna cin wannan jarrabawar. Amma gilashi ba shi da ciki ko hanta da za su narkar da maganin kafin ya kai ga jini.

Maganar mai saƙon kuwa tana da tushe, ya dai yanke ta ne ya ƙara gishiri. Haɗin da yake nufi sunansa Niprisan, kuma tsirrai huɗu ne: masoro, kanumfari, ganyen dawa, da itacen da Yarbawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiya. Asalinsa na wani limamin coci ne mai maganin gargajiya daga Oyo, Paul Ogunyale, sai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓa ta tace shi a zamanin Farfesa Charles Wambebe. A 2001 suka fitar da sakamakon gwaji a kan masu sikila 82, aka ga yana rage yawan tashin ciwo mai tsanani. A 2003 kuma masu bincike a asibitin yara na Filadelfiya suka ba ɓeraye masu himogulobin ɗin sikila, suka sa su inda oksijin ya yi ƙaranci sosai. Waɗanda suka sha sun fi daɗewa a raye, kuma huhunsu bai cushe da lanƙwasassun ƙwayoyi kamar na sauran ba. Ba wanda ya ce sun warke. Ƙwayar gadon tana nan yadda take.

Kuma abin da aka ba su tataccen abu ne, an auna kowane tsiro, an auna nauyin kowane ɓera a sikeli, an lissafa miligiram nawa a kan kilo. Ko shi wannan adadin ba a kwafa shi kai tsaye zuwa ga mutum, sai an raba shi da kusan 12, domin jikin ƙaramin ɓera yana ƙone magani da sauri. Cokalin kunu ba ya wannan lissafin.

Baban Yusra:

Malam Abu, ka yi bayani, Allah Ya saka. Amma ku 'yan boko kullum sai kun nuna kamar abin gida bai isa ba. Kai da bakinka ka ce mai maganin gargajiya ne ya kawo haɗin. Haka Farfesa Sofowora a Ife ya yi suna da saiwar fasaƙwari, wadda mutane suka daɗe suna asuwaki da ita kafin ya gano tana hana jini lanƙwashewa. Maganin maleriyar da ake rubuta mana yanzu ma ai daga wani nau'in tazargade Sinawa suka fitar da shi. Kanumfari da masoro kuwa kullum suna cikin yajinmu da kununmu, wa suka taɓa kashewa?

Abu Hanif, Zariya:

Baban Yusra, ban raina ba wallahi, da na raina da ban ƙare ƙuruciyata ina daka sassaƙe ba. Amma misalin da ka kawo nawa ne. Tu Youyou, wata masaniya 'yar ƙasar Sin, da mutanenta sun tara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, sun gwada ɗaruruwa a kan ɓeraye masu maleriya. Tazargaden da farko bai ba su sakamako tsayayye ba, don suna tafasa shi. Sai da ta koma wani tsohon littafin likitancin Sin ta ga jiƙa shi ake yi a matse, ta gane zafi ne ke ɓata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, samfuri na 191, shi ne ya kakkaɓe ƙwayar cutar daga jinin ɓerayen gaba ɗaya. Nobel ɗinta sai a 2015. Tsiro ɗaya, hannu biyu, sakamako biyu. Ɗan yajin da ke cikin kunu daban, a ɗura wa yaro kanumfari safe da yamma wata da watanni daban.

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya:

'Yar'uwa, in ƙara miki daga ɓangarenmu. Man kanumfari idan ya yi yawa yana taɓa hanta, musamman ta yara, ga shi hantar mai sikila da ma aiki ya yi mata yawa. Kuma ko maganin da ya bi duk matakai yana iya ba da mamaki. Akwai Oxbryta, wani maganin sikila, ya yi kyau a ɓeraye, aka amince da shi a Amurka a 2019, sai a Satumbar 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa bayan an ga haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Jikin ɓera ma ba ɗaya yake da namu ba: saifar ɓera mai sikila kumbura take yi ta ci gaba da girma, ta yaranmu kuwa yawanci tsukewa take yi ta daina aiki, shi ya sa ba ma wasa da zazzaɓinsu ko kaɗan.

Ranar da za ku koma ganin likita ki tambaye shi batun maganin sikila da ake kira haidiroksiyuriya, ko ya dace da Khalifa. An daɗe ana amfani da shi, amma sai da awon jini a kai a kai. Ki tafi da saƙon muryar ma ki kunna masa. In da hali ki tafi da Hajiya, ta ji daga bakinsa, ke kin fita.

Maman Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti Rabi, shawarar tafiya da Hajiya ta yi min. Malam Abu, tambaya ɗaya ta rage: tunda an iya dasa wa ɓera ciwon, ba za a iya cire wa mutum ba?

Abu Hanif, Zariya:

An fara. A 2007 an gyara ƙwayar gadon a ƙwayoyin da aka ɗebo daga jikin irin ɓerayen Townes ɗin nan, aka mayar musu da gyararrun ƙwayoyin da ke ƙera jini, suka samu sauƙi. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ɗebo ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara su don su koma ƙera irin himogulobin ɗin jarirai, wanda ba ya sandarewa, sannan a mayar. Sai dai kafin a mayar, dole a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na masu kansa, kuma kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Wanda ya fi kusa da mu shi ne dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini wanda nasu ya dace, an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Shi ma yana da nasa haɗarin, likitan jini ne zai duba ya ce ko yaro ya cancanta.