Canza jini zai iya raba mutum da HIV ko shaye-shaye?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum. Tunda ƙwayar HIV da kayan maye duk a jini suke yawo, me zai hana a zuƙe jinin a sa sabo, ko a tace shi kamar wankin ƙoda?

Sashen_Jini:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ba jini kaɗai ne maɓoyarta ba. HIV na cusa kanta cikin ƙwayoyin garkuwa na CD4, kuma mafi yawansu suna kaluluwa da bangon hanji, inda ƙarin jini ba ya kaiwa. Shi ya sa ko gwaji ya daina ganinta, da an ajiye maganin ARV mai danne ƙwayar sai ta dawo cikin 'yan makonni.

Abin da ya taɓa warkarwa shi ne dashen ɓargo. A 2007 aka yi wa Timothy Ray Brown a birnin Balin na Jamus saboda sankarar jini, da ɓargon wanda ya gaji wani sauyin ƙwayar halitta mai suna CCR5 delta 32 ta uwa da uba. CCR5 ce ƙofar da yawancin nau'o'in ƙwayar ke bi su shiga, masu wannan sauyi kuwa ba su da ita. Adam Castillejo na Landan ma haka, a 2016. Masu irin wannan gado kusan ɗaya ne cikin ɗari a Arewacin Turai.

Hajiya_Nas:
Ƙari a kan bayanin Dakta: kafin dashen sai an kashe ɓargon mutum da magungunan sankara masu ƙarfi, sannan sabon ɓargon na iya juyowa ya far wa fata da hanta da hanji. Ana mutuwa a ciki. Babu likitan da zai yi wa mai zaune lafiya da ARV wannan. A Boston an yi wa mutum biyu dashe da ɓargon da ba shi da sauyin, suka bar magani a 2013, ƙwayar ta dawo musu duka.

Likitan_Ƙwaƙwalwa:
Na shaye-shaye ya fi sauƙin amsa. Hodar ibilis rabinta kan bar jini cikin kamar awa ɗaya, amma ƙwaƙwalwar da ta saba tana nan da kwaɗayinta. Wankin jini na ceton wanda ya sha guba irin metanol, ba ya cire jaraba. Akwai ma haɗari: mai shan hiroyin ko kodin da aka “wanke”, juriyarsa ta ragu, in ya koma adadinsa na da numfashinsa na iya tsayawa. Abin da aka tabbatar yana aiki ga mai jarabar hiroyin ko kodin shi ne maganin methadone ko buprenorphine a hannun likita, haɗe da zaman shawarwari.