Musayar Waƙa: Bayan An Kwashe Tabarmi

Bazazzagi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Allah ya ɗora wa matar da mijinta ya rasu takaba ta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, amma mu taron da muke yi mata ba ya wuce mako guda. A kan wannan na buɗe fage.

Da sunan Ta'ala nake fara baiti,
A kan 'yar'uwata da ke shan kaɗaici.
A ranar da malam ya koma ga Allah,
Muna nan da dama, muna yin zumunci.
Da an yo bakwai sai a kwashe tabarmi,
A bar ta da ɗaki da zafin maraici.
Ina masu cewa, "Ki ɗauke mu 'ya'ya"?
Ina malamai, kai, ina ma maƙwabci?

'Yar Damagaram:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin mu tafa maka, ga tambaya.

Ka tsara batunka, ka ce 'yar'uwarka,
Faɗa min da yaushe ka aika abinci?
Maza sun gwanance a ɗaukar makara,
Da an bar kushewa su koma fatauci.
Mu mata muke kwana gefenta kullum,
Mu share hawaye, mu sassauta ƙunci.

Bagobira:
Allah ya ƙara basira, Yaya! Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san cewa wadda ke ɗora tukunya da wadda ke zama a bakin gado har asuba ba daga zaure suke fitowa ba. A wajena an gama wannan musaya tun a baitinki na biyu.

Bakano:
Ba a gama ba, Malama Bagobira, domin an ɗora mana laifin da ba namu kaɗai ba ne.

Ki tausasa harshe, Hajiyar Damagaram,
Ki duba da kyau kar ki zarce ga ɗaci.
Shari'a ta ce kar mu keɓe da mata,
Barin shiga ɗakinta shi ne mutunci.
Ku mata da zarar ta kammala idda,
Kuna rufe ƙofa da tsoron zawarci.
Kuna ce da juna, "Ta zo neman namu,"
Ku bar ta ita ɗai, ina ne aminci?

Bazazzagi:
Hajiya, amsata ta yi jinkiri, amma ga ta.

Ɗiyata take kwana gunta da dare,
Uwargida ke kai tuwo don maƙwabci.
Ki fara lissafin waɗanda kika leƙa,
Kafin ki tuhumi mazaje butulci.

Ɗan Agege:
Iyayena, ku gafarce ni, ni ma ina so in sa baki.

Ni kam ina Ikko ina aikin gadi,
Dare yana tsawo, ba abokin hira, ba barci.
Babata tana can gida tana takaba,
Kuɗin mota ya hana ni zuwa, ba sakaci.
In na kira ta sai ta ce lafiya lau,
Muryarta kuwa na gaya min akwai ƙunci.

Ɗalibin Aruli:
Malam Bazazzagi ya buɗe wannan fage a kan Mutaƙarabi, ɗaya daga cikin ma'aunan Aruli (ilimin auna karin waƙa), wato ƙafar fa'ulun sau huɗu a kowane ɗango, kowace ƙafa gaɓa marar nauyi ɗaya sannan masu nauyi biyu, kuma waɗanda suka biyo shi sun yi ƙoƙarin riƙe wannan ma'auni. Ɗango na biyu na Ɗan Agege ya zarce ƙafa huɗu, sannan "sakaci" ba ta zauna a mazaunin "kaɗaici" ba, saboda gaɓarta ta tsakiya ba ta da nauyi. Dacewar amsa-amo kaɗai ba ta isa a ce baiti ya tsayu ba.

Bakano:
Malam Ɗalibi, ba kowace waƙar Hausa ake aunawa da ma'aunin Larabawa ba. Marubutanmu da yawa sun ari karinsu ne daga waƙoƙin baka, kuma wanda ya rera baitin yaron nan da murya zai ji yana tafiya. In za ka yi awo, ka fara da nawa, domin na san "Damagaram" ma ba ta shiga fa'ulun ɗinka.

Ɗalibin Aruli:
Ba ta shiga ba, amma suna ne, kuma ana yi wa suna uzuri. Wanda ya shigo fagen da aka riga aka kafa wa kari, karin zai bi.

Malama ta Gusau:
'Ya'yana, ku dakata haka nan. Da kai nake, Ɗalibi.

Ka auna ƙafafu, ka ƙirga gaɓoɓi,
Ka tsallake yaron da ke shan maraici.
Akwai wata mata a birnin Madina,
Tana share ƙura a cikin masallaci.
Da Manzo ya daina ganinta ya nema,
Ya tambayi sahbai, ya nuna karamci.
Da an ce ta rasu ya ce, "Ku nuna min,"
Ya sallaci kabrinta, Manzon aminci.

Wannan hadisi yana cikin Buhari da Muslim daga Abu Huraira, kuma abin da ya fi taɓa ni a cikinsa shi ne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya lura da rashinta a lokacin da wasu suka ɗauki lamarinta ƙarami. Mai kaɗaici ba ya cika cewa yana cikin kaɗaici, musamman a al'adarmu da ta koya mana kawaici. Sai dai ka ga wanda ba ya rasa sahu ya daina fitowa, ko wadda ba ta ƙin biki da suna ta fara aiko da uzuri, ko kwanon da aka kai mata ya dawo ba a taɓa ba. Yaron nan ya gaya muku mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa na takaba, shi kuma yana kwana shi kaɗai a bakin ƙofar wani, amma har yanzu babu wanda ya yi masa ta'aziyya. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Nas ta Barnawa:
Amin, Mama. Ni ban iya baiti ba, amma aikina ya shafi wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2025 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici. Ƙanena, ka tsayar wa mahaifiyarka lokacin kira guda wanda za ta riƙa jira, kuma kada ka tsaya a kan "ina kwana", ka tambaye ta abin da ta ci da wanda ya shigo wajenta. Idan makonni suka wuce ba ta ci, ba ta barci, ko ta fara cewa gara ta bi shi, to a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Kai ma wannan shawara ta shafe ka.

Ɗalibin Aruli:
Mama, na ji faɗanki da girmamawa, kuma ina yi wa ɗan'uwana ta'aziyya. Maganata a kan kari tana nan yadda take, sai dai ga abin da zan iya.

Ka zo ƙanena in dare ya yi nisa,
Ka aiko da baiti, ina nan, ba barci.
Mu auna shi tare, mu gyara ƙafafu,
Mu kwana da hira, mu kori kaɗaici.

'Yar Damagaram:
Malam Bazazzagi da Alhaji Bakano, amsarku tana nan tafe, ban yafe ba. Yanzu da ɗana nake, domin tun da ya ajiye baitinsa bai sake cewa uffan ba.

Ina kake ɗana? Ka amsa kiranmu,
Shirunka ya sa mun kasa cin abinci.
Faɗa min garinku da sunan unguwa,
Mu nemo wa babarka mai yin zumunci.

Ka turo mini ta saƙon sirri, kada ka rubuta a fili. Idan garin naku yana kusa da ɗaya daga cikinmu mata, za mu shirya wadda za ta je ta yini da ita ranar Juma'a. Alhaji Bakano, kai da kake da abokan ciniki a Agege, ka samo wanda zai leƙa yaron nan a wurin aikinsa.