Iyayen yara 'yan firamare, ya kuke zama da junanku?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, don Allah ina son jin naku. Yarinyata tana aji uku a wata firamare nan Unguwar Rimi, muna da guruf na WhatsApp na iyayen aji don tunin aikin gida da kuɗin PTA, to tunda aka raba rizol wata da muke hira kullum a bakin get ta daina amsa min sallama, wai don Ilham ta zo ta ɗaya ɗanta ya koma na huɗu. Abin na damuna wallahi, yaran nan fa benci ɗaya suke zama.

Maman Khalifa:
Hmm ai naki da sauƙi. Mu a Malali fatin gama aji shida ne ya raba kanmu, aka fitar da ankon leshi, wasu suka ce atamfa ta isa tunda ga kuɗin hoto ga na jarabawar shiga sakandare, sai habaici ya tashi wai wadda ba ta da hali ta zauna gida. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta fice daga guruf ɗin ba ta ce uffan ba, ranar fatin tana can baya da hijabinta fes a goge tana ɗaukar 'yarta hoto, ba wadda ta matsa mata kujera. Har yau abin na cina.

Anti Rabi:
Ni kam alheri na gani gaskiya. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke ya gagare mu, sai muka haɗu mu huɗu 'yan Kawo muka ɗauki mai Keke ɗaya muna biyansa duk wata. Da na haihu aka min aiki, Maman Sadiq ce ta dinga zuba wa yarana abincin tara har na yi arba'in, yanzu ma adashe muke.

Malama Hadiza:
Ni a aji nake yini, duk abin da kuka faɗa a gida yana zuwa mana. Yaro ɗan shekara bakwai zai hana ɗan uwansa aron fensir ya ce Mami ta ce kar ya kula shi, wata kuma ta ɓoye kwanonta ƙarƙashin tebur don ɗumamen tuwo ne ba indomi da ƙwai ba. Shi ya sa makarantarmu ta daina rubuta na ɗaya na biyu a rizol, amma iyaye suna ta kirana a waya sai na faɗa musu wa ya fi maki.